Motar Liman a Gaban Alƙali

Sau ɗaya na taɓa shiga kotu, kuma ba ƙarata aka kai ba, mota aka kira ni in duba. A shekarun farko ne bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Lokacin ina da rumfar kanikanci a Daura, a bakin hanyar Sandamu, kuma ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, wanda muke yi bayan la'asar.

Ga yadda maganar take. Limamin wani masallacin unguwa a Sandamu yana da tsohuwar a-kori-kura. Ƙanensa ne ke tuƙa ta, su kai taki gona da bazara, su kwaso amfani da kaka. Da ƙanen ya koma Kano da zama sai motar ta rasa mai ja, liman ya sayar da ita ga wani Alhaji mai fataucin hatsi tsakanin Daura da Kongolam da ke bakin iyaka. Kwana ashirin da ciniki Alhaji ya kai ƙara. Ya ce motar tana jijjiga kamar mai masassara, liman ya san da aibin ya ɓoye masa, don haka a warware ciniki.

Ba komowar mota ce ta dami liman ba. Magana ta riga ta zagaye unguwa cewa mai ja musu salla ya ɓoye aibi a ciniki, har wasu sun fara tsallakawa wani masallacin. Dattawan unguwa suka ce a jira bakin alƙali. Idan abin ya tabbata, sai liman ya ja baya na'ibi ya shiga gaba. Ya fi shekara ashirin yana limancin nan.

Alƙali ya ce abu ɗaya yake son sani: aibin ya riga ciniki, ko a hannun mai saye ya samu? Ya sa a nemo masanin mota da bai taɓa sa mata sifana ba, wanda kuma bai haɗa komai da masu shari'ar ba. Shugaban makanikai ya ba da sunana. Aka kawo motar rumfata tare da masinjan kotu, wani dogon dattijo mai surutu, wanda zai zama idon alƙali a kan aikin.

"Kai ne injiniyan?" in ji shi.

"Ni ne bakaniken."

"To, Malam Alƙali ya ce duk abin da ka gani ka rubuta. Ka iya rubutu?"

Na ce ina koyo.

"Madalla. Allah ya sa a kotu akwai wanda ya iya karatun masu koyo."

Na yago takarda daga tsakiyar littafin ajinmu, na soke fensir a hula, na fara da abin da ya fi sauƙi. Na shafa tayoyi huɗun da hannu ko akwai wadda ta yi ƙari, babu. Na duba cikin wili, don taɓo kan bushe a gefe ɗaya ya sa mota rawa. Na gwada notuna, duka a ɗaure suke. Sannan na tayar da inji motar tana tsaye, na taka totur a hankali har ya yi sama, na ɗora tafin hannu a kan bodi. Shiru. Wannan ya fitar da inji daga zargi, shi da robobin da yake zaune a kansu.

Muka hau kwalta. Kafin in ja motar na cire takalmi, masinja ya dube ni.

"Masallaci muka shiga?"

Na ce masa ƙafa ta fi kunne ji. Idan jijjiga a sitiyari take, a nemi tayoyin gaba. Idan a kujera take da daɓen mota, to daga ƙasa take ko daga baya. Agogon gudun motar ya daɗe da mutuwa, sai na riƙa auna ta da giya. A giya ta ɗaya da ta biyu ba wani abu. Ina shiga ta uku na ba ta wuta sai ta taso daga ƙarƙashin kujera, madubi ya ɗauki rawa har ba a ganin abin da ke baya. Sitiyari kuwa yana hannuna lafiya lau. Na saki totur, ta lafa. Na sake takawa, ta dawo. Mun yi haka ya fi sau goma tsakanin Daura da Sandamu, masinja yana dafe da hularsa yana cewa haƙoransa huɗu suka rage, in taimaka in bar masa su.

Zuciyata ta tafi kan farfela, dogon ƙarfen nan da ke ɗaukar juyi daga giya ya kai wa tayoyin baya. Amma sanin inda ciwo yake daban, sanin yaushe ya fara daban, kuma na biyun ne aka aiko ni nema.

A hanyar komowa masinja ya hango wani tsoho a bakin titi da buhunan gero da mutane huɗu suna jiran mota. Ya ce in tsaya. Na ce motar shari'a ce, ba ta haya ba.

"Surukina ne. Ya riga ya gan ni. In muka wuce shi, a rumfarka zan kwana yau."

Na tsaya. Aka loda buhu takwas, mutanen suka hau kai. Na ja mota, na shiga giya ta uku, na ba ta wuta ina jiran abin da na saba ji, bai zo ba. Na rage gudu na sake, na shiga ta huɗu na dawo. Madubi yana tsaye, ina ganin tsohon a baya yana ɓare gyaɗa.

"Ka ga albarkar surukai ko?" in ji masinja.

Da muka sauke su a bakin kasuwa na sake gwadawa, jijjigar ta dawo yadda take. Na tsaya a gefen hanya na rubuta layi biyu, sun ɗauke ni lokaci: ba kaya, rawa; da kaya, shiru.

A rumfa na ja da baya na kalli motar daga gefe. Bayanta a ɗage yake, gabanta a sunkuye. Tun da safe na ga haka ban kula ba, don kusan duk a-kori-kurar da ke bin hanyar iyaka haka take tsayuwa, ido ya saba. Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi. A kowane gefe, cikin tsofaffin ƙarafan sifirin da suka yi baƙi, akwai uku masu wani launi daban, kuma notunan da suka ɗaure su ko ƙasa ba su gama ɗauka ba.

Kashegari aka kira masu shari'ar biyu rumfata. Liman ya zauna a kan benci da carbinsa, ɗan siririn mutum ne, bai cika magana ba. Alhaji ya ƙi zama.

Na ce, "Alhaji, tun da ka saye ta, me aka yi mata?"

"Ba a taɓa ta ba. Ko noti ɗaya."

"Sifirin fa?"

"Au, wannan? Wannan ai ba gyara ba ne, ƙarin ƙarfi ne. Wa zai hau hanyar Kongolam da sifirin ɗin kai taki gona? Kwana biyu da saye na sa aka ƙara mata a Mai'aduwa. Kowa ma haka yake yi."

Ba ƙarya ya yi niyya ba. A wurinsa ƙarin sifirin kamar sayen igiya da tamfol ne, ba abin da za a faɗa wa alƙali ba. Na yi masa bayani cewa a kowane bakin farfela akwai gaɓa da muke kira kuros, tana lanƙwasa kamar gwiwa, amma tana da iyaka. Da aka ɗaga bayan motar sai farfela ta karkace fiye da yadda aka yi ta, shi ya sa take fizga idan ba kaya. In an yi lodi motar ta zauna, sai ta miƙe.

"To ai ni kullum ba kaya nake dawowa," in ji shi.

Na ce shi ya sa kullum yake ji.

Ya ce wannan zance ne, a nuna masa. Masinja ya je ya samo izinin alƙali, na kwance ƙarafan shida a gabansu, aikin ya cinye yinin. Da safe muka fita gwaji, Alhaji a gefena, masinja a matse a bakin ƙofa. Motar ta tafi sumul. Alhaji ya sa na maimaita sau uku, daga nan ya juya yana kallon gonaki.

Su ba su ji komai ba, amma ni tafin ƙafata ya ji saura, wani ɗan siririn motsi kamar tafiyar kiyashi. Da muka dawo na sake shiga ƙarƙashi, na kama farfela ta baya na murɗa. Kuros ɗin yana da ɗan wasa, kuma a bakinsa akwai jan gari na tsatsa, irin wanda ke fita idan gaɓa ta daɗe ba giris. Na daɗe a kwance ina kallonsa. Sannan na fito na ƙara layi a takarda.

Ranar zama kotun ta cika, mutanen Sandamu sun zo da yawa. Magatakarda ya karɓi takardata ya juya ta, ya sake juyawa, alƙali ya ce a bar ta a fayil, in faɗa da baki. Na faɗi yadda na bi tayoyi da inji, da maganar lodi, da ƙarin sifirin. Alƙali ya tambayi Alhaji ko haka ne, ya ce haka ne. Wajen mutanen Sandamu aka fara gyaran murya ana motsi.

"Akwai saura?" in ji alƙali.

"Allah ya gafarta Malam, akwai. Kuros na baya ya fara ci."

"Tsoho ne ko sabo?"

"Tsoho ne. Irin tsatsar da ke bakinsa ba ta taruwa a kwana ashirin."

"Shi ya kawo jijjigar da aka kawo ƙara a kanta?"

Na ce a'a. Na ce mai tafiya a hankali a hanyar gona zai shekara bai ji shi ba, kuma ƙaramin ƙarfe ne, ana canza shi a yini ɗaya.

Alƙali ya juya wajen liman ya tambaye shi ko ya san da wannan. Ba wanda zai iya ƙaryata shi da ya ce bai sani ba. Sai liman ya ce:

"Allah ya gafarta Malam, bara ƙanena ya ce mini wani bakanike ya ce akwai ƙarfe a ƙasan motar da zai so canji nan gaba. Ban riƙe sunan ƙarfen ba. Ranar ciniki abin bai zo mini a rai ba. Yanzu da ya faɗa na tuna."

"Kun ji ko!" in ji Alhaji. Masinja ya tsawatar masa.

Alƙali ya yanke cewa ciniki yana nan, domin jijjigar da aka kawo ƙara a kanta daga hannun mai saye ta fito. Kuros kuwa liman ne zai canza shi, kuma kotu ba ta ga shaidar cewa da gangan ya ɓoye ba.

Hukunci ɗaya aka yi, amma labari biyu ya isa Sandamu. Wasu suka ce an wanke liman, wasu suka ce ya amsa da bakinsa. Bayan kwana uku dattawan unguwa suka aiko in je in faɗa musu abin da na gani. Na same su a wani zaure bayan azahar, su bakwai, liman ba ya ciki. Na maimaita musu abin da na faɗa a kotu, ban ƙara ba ban rage ba. Na zana musu farfela a ƙasa da tsinke.

Wani mai farin gemu ya ce, "Malam bakanike, duk mun ji wannan. Abin da muke tambaya, ya tuna ranar ciniki ko bai tuna ba?"

Na ce, "Baba, na san shekarun tsatsa. Wannan kuwa ba a ƙarƙashin mota yake ba."

Suka sallame ni, suka ci gaba da shawara. Na zauna a inuwar masallaci ina jiran mota, na san ajin ranar zai wuce ni. Na ji muryoyinsu suna tashi suna sauka. Wani yana cewa wanda ya faɗi abin da ba mai iya kama shi a kai, ba shi ne mai ɓoye aibi ba. Wani yana cewa mantuwa a ranar ciniki ta cika dacewa.

Aka kira la'asar. Liman ya fito daga gida ya yi alwala, ya tsaya a bakin ƙofar masallaci bai shiga ba. Na'ibi yana sahun gaba, shi ma bai motsa ba. Dattawan suka iso, mai farin gemun ya dubi liman ya nuna masa gaba da hannu. Biyu daga cikinsu suka mayar da takalmansu suka nufi ɗaya masallacin, wasu matasa suka bi su.

Liman ya shiga ya ta da kabbara. Na bi shi a sahu na biyu, wanda bai kai bango ba. Wanda ke kusa da ni ya gaya mini bayan sallama cewa da, sahu uku suke cikawa da la'asar.