Ƙarar Ƙafar Gaba

Sahabi Furfuri makanike ne na ƙafar mota. Ba ya taɓa inji, ba ya shiga harkar wuta. In aka kawo masa irin wannan aikin sai ya nuna wa mutum rumfar maƙwabci. Nasa shi ne abin da ke tsakanin taya da jikin mota: shok, sifirin, bushin, da duk wani ƙarfe da ke shan wahalar hanya. Direbobin da ke jigilar hatsi tsakanin Gusau da Tsafe sun san shi sarai. Mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, wanda in ana ba shi labarin ƙara a mota yakan karkata kai gefe guda kamar mai sauraren kiran salla daga nesa.

Tun yana saurayi ya baro gonar mahaifinsa a Furfuri ya zo Gusau, ya faɗa hannun Baba Zakariya, wani dattijo Kirista ɗan kudancin Kaduna da ya zo garin zamanin da jirgin ƙasa ke tashe, daga baya ya buɗe gareji. A nan Sahabi ya haɗu da Mahadi. Tare suka koyi aiki, kwano ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke kwana. Mahadi mai baki ne, shi ke iya shawo kan mai mota da ya zo a fusace. Sahabi kuwa hannu gare shi. Da lokacin aure ya yi, Sahabi da kansa ya je ya roƙi mahaifinsa ya ba Mahadi ƙanwarsa Hanatu. Ya ce bai san wanda zai riƙe ta da amana kamar shi ba.

Baba Zakariya yana da wata mota da ba ya bari kowa ya tuƙa. Tsohuwar motar tsere ce, ja, mai ƙofa biyu da dogon hanci, wadda ya saya a hannun wani Bature da ke barin ƙasar tun kafin a haifi Sahabi. Ran Lahadi in an taso daga coci yakan ɗauki 'yarsa Dibora su zaga gari a hankali, yara na binsu da gudu. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa aka kira masa Sahabi da Mahadi. Ya ce garejin nasu ne su biyu. "Motar kuwa ta Dibora ce," in ji shi. "Ɗakin haya take a Tsafe, ba ta da inda za ta aje ta. Ku riƙe mata." Suka ce sun ɗauka. Bayan an binne shi, Sahabi ya lulluɓe motar da tamfol a kusurwar gareji, duk ƙarshen mako ya tayar da ita ya bar ta ta ɗan yi numfashi.

Daminar da ta biyo baya mahaifin Sahabi ya kwanta, ba mai riƙe gona. Sahabi ya tattara ya koma Furfuri, ya yi noma ya yi jinya har kaka, har Allah ya karɓi ran tsohon. Da ya dawo Gusau, kusurwar nan wayam, sai tamfol a naɗe.

"Timothy ya zo daga Jos," in ji Mahadi. Timothy shi ne wan Dibora. "Ya zo da babbar mota ya ɗauke ta. Kayan ubansu ne, mi zan ce mai?"

Abin ya tsaya wa Sahabi a rai. Ko sallama babu? Ya kira Dibora a waya, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira bayan kwana biyu, ya aika saƙon gaisuwa, shiru. Yarinyar da ta tashi tana kiransa Yaya, wadda ya sha goyawa a keke zuwa makaranta. Ko ta'aziyyar mahaifinsa ba ta yi masa ba. Ya ce wa ransa haka mutane suke, in uba ya kau sai zumunci ya bi shi. Ya haɗiye, ya ci gaba da aikinsa. Aka shekara, aka sake shekara.

Ana saura kwanaki kaɗan babbar salla, da hantsi, wata baƙar mota ta shigo garejin tana jan ciki. An saukar da ita ƙasa sosai, har sai da mai ita ya karkace kafin ya haye ɗan tudun bakin ƙofa. Saurayi ne mai fara'a, Bashar, ɗan Kucheri da ke kasuwanci a Kaduna, ya zo gida salla. Ya ce direbobin tashar Tsafe ne suka yi masa kwatance.

"Malam Sahabi, gaban nan ya hana ni sakat. Kan kwalta mai kyau lafiya lau. Da na shiga gargada sai ka ji ƙwas, ƙwas, kamar ana buga guduma. An canza min shok a Kaduna, ba ta daina ba."

Mahadi yana zaune kan benci yana shan shayi. Ya dubi motar, ya aje kofin bai shanye ba, ya ce bari ya leƙa kasuwar kayan gyara. Ya hau babur ya fita.

Zuciyar Sahabi ta ɗan motsa da ya ga dogon hancin nan, amma irin motar ba ɗaya aka ƙera ba. Wannan baƙa ce, gilashinta mai duhu, kujerunta sababbi. Ya shiga gefen Bashar suka fita. Ya sa shi ya bi wani layi mai ramuka a hankali, ya karkata kai. Ƙarar daga hagu take, kuma ba ta zuwa sai taya ya faɗa rami ya taso. Ya ce ya taka birki da ƙarfi, ba ta yi ba. Ya ce ya murɗa sitiyari har ƙarshe a tsaye, nan ma shiru. Suka dawo.

Jak ma ƙin shiga ƙarƙashinta ya yi, sai da aka hau da ita kan katako. Sahabi ya ɗaga gaban, ya kama tayan hagu sama da ƙasa ya girgiza, babu wasa. Ya kama gefe da gefe, tayarod, ƙarfen da ke haɗa taya da sitiyari, lafiya. Ya cire tayan, ya sa dogon ƙarfe ya danna kowane bushin, wato robobin mahaɗar ƙarafa, duk suna da sauran ƙarfi. Sai ya kai hannu ga sifirin, ya ji yana juyawa a mazauninsa kamar munduwa a hannun yaro.

"Ga ɗaya," ya ce. "Wanda ya saukar da motar nan ba gajeren sifirin ya sa ba, na ainihin ya yanke. Da wuta ma ya yanke shi, ƙarfen ya mutu. In taya ya faɗa rami sai ya saki mazauninsa, in ya dawo ya buga. Robar da ke tare shok kada ya kai ƙarshe ita ma an cire ta."

"Shi ke nan matsalar?"

"Bari in ga inda yake bugawa."

Ya kwanta ya shige da tocila. Ƙarfe in yana dukan ƙarfe yakan bar tabo mai sheƙi, shi yake nema. Ya same shi a kan hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke riƙe taya daga ƙasa. Ya sa tsumma ya goge laka da busasshen giris don ya ga ko ya tsage. Hannunsa ya tsaya.

Akwai faci a jikin ƙarfen, an yi masa walda da wani guntun ƙarfe mai ɗan lanƙwasa. Bakin tsohuwar garma ne. Shekarun baya Baba Zakariya ya faɗa rami a hanyar Bungudu, hannun ya tsage, aka nemi irinsa har Kano babu. Sahabi ne ya je Furfuri ya ɗauko karyayyiyar garmar mahaifinsa, ya yanka, ya daddale. Ya san kowane ƙulli na waldar nan. Ya ɗauki sukundireba ya kankare cikin mazaunin taya, inda mai fenti ba ya damuwa da kyau. Baƙin ya ɓare, ja ya fito.

Ya daɗe kwance a wurin. Bashar ya sunkuyo yana tambaya ko lafiya.

"Ina ka sayi motar ga?"

"Zariya, wurin wani dillali. Akwai matsala ne?"

"Kira shi. Tambaye shi wa ya kawo mai ita."

Bashar ya kira, ya buɗe muryar wayar. Dillalin bai ɓoye komai ba. Ya ce wani makanike ne daga Gusau, mai yawan raha, Mahadi. Mahadin ya ce masa motar ubangidansa ce da ya rasu ya bar masa. Shi ne ma ya ba da shawarar a saukar da ita a yi mata baƙin fenti don samari sun fi so haka, kuma shi ya yanke sifirin da hannunsa.

Sahabi ya fito daga ƙarƙashin motar, ya wanke hannu, ya gaya wa Bashar ko motar wa ce. Saurayin ya dafe kai yana salati. Ya ce wallahi bai sani ba, kuma ba zai motsa da ita ba sai an ji ta bakin mai ita.

Mahadi bai dawo ba ranar. Washegari da safe Sahabi ya same shi shi kaɗai a gareji, tsaye nesa da motar.

"Timothy ne ya yi mata fenti?" in ji Sahabi.

"Sahabi, tsaya ka ji. Mota tana ruɓewa ƙarƙashin tamfol. Mace mai aikin asibiti mi za ta yi da ita? Ni kuwa lokacin abubuwa sun yi min yawa, kai kana ƙauye, gida ba..."

"Ka neme ni ka rasa?"

"Da na tambaye ka ba ka yarda."

"Shi ya sa ba ka tambaya ba. To, ni ka ce min Timothy. Ita Dibora mi ka ce mata?"

Mahadi ya dubi ƙasa. Duk zamansu Sahabi bai taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba sai ranar, kuma wannan shirun ya fi komai tayar masa da hankali. Sahabi ya juya ya nufi tasha, ya shiga motar Tsafe.

Ya sami Dibora a ƙaramin asibitin da take aiki, ya jira har ta sallami masu jiranta. Da ta gan shi fuskarta ta ɗaure. Ta gaishe shi gaisuwar baƙo, ta ce masa Malam.

"Dibora, mi Mahadi ya gaya miki game da motar Baba?"

Ta ce, "Ya ce kai ka sayar da ita ka yi wa babanka magani. Ya ce kunya ta hana ka faɗa min, kada in tayar da maganar. Ni ba motar ce ta dame ni ba. Da ka tambaye ni, da hannuna zan miƙa maka makullin. Amma ka ɗauka a ɓoye, sannan ka riƙa kirana kana gaisuwa kamar ba abin da ya faru?"

Sahabi ya nemi benci ya zauna. Ashe da ciwon mahaifinsa aka yi cinikin. Lokacin da yake durƙushe yana ba tsohon kunu a baki, Mahadi na nan yana yawo da sunansa. Ya ba ta labari tun daga farko. Kafin ya gama ta rufe fuska da gyale.

"Yaya," ta ce, "ban ma zo maka gaisuwar babanka ba. Yaya, ka yafe min."

Ta biyo shi Gusau ranar. Bashar ya miƙa mata makulli ya ce duk abin da ta yanke ya yarda. Ta zaga motar, ta buɗe ƙofa ta zauna, ta shafa sitiyarin. Ba ta daɗe ba ta fito. Ta ce babu abin da ya rage na mahaifinta a ciki, ko ƙamshinsa. Ta ce saurayin bai cuce ta ba, ya tafi da abarsa. Timothy da ya ji labari a waya ya ce sai an kai Mahadi wurin 'yan sanda. Sahabi bai roƙe su ba, bai kuma zuga su ba. Dibora ce ta ce a'a, saboda Hanatu da 'ya'yanta.

Aikin motar kuwa Sahabi ya gama shi, don ba ya barin mota a kan jak. Ya sa aka nemo gajeren sifirin na gaske mai zama daram a mazauninsa, da shok daidai tsawonsa, ya mayar da robar da aka cire, ya ɗan ɗaga gaban kaɗan. Suka bi layin nan mai ramuka da Bashar, ba su ji komai ba sai ƙugin inji.

Bayan salla ya kwashe kayan aikinsa. Manyan makanikai suka taru don sulhu, Mahadi ya yi ta magana, ya ce sharrin shaiɗan ne, ya ce ai duk gida ɗaya ne. Sahabi ya saurare su har ƙarshe, ya yi musu godiya, ya ce ya bar wa Mahadi garejin. Ya kafa rumfa a bakin hanya a Bungudu, kusa da gida. Direbobinsa suka bi shi can. Ba ya zagin Mahadi, ba ya kuma ambatonsa. In zai ga ƙanwarsa sai ya daidaici lokacin da maigidan ba ya nan.

Bara Hanatu ta haihu, namiji. Ta aiko cewa in bai zo suna ba ba za ta yafe masa ba, don haka ya je. Yana zaune a bakin tabarma liman ya sanar da sunan yaro: Sahabi. Jama'a suka juyo suna murmushi, wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce ai magana ta ƙare ke nan. Mahadi ya taso cikin sabuwar shadda, ya miƙo hannu biyu a gaban kowa.

Sahabi ya ba shi hannu, don idon mutane da darajar ƙanwarsa. Ya shiga ciki, Hanatu ta ɗora masa jaririn a cinya tana duban fuskarsa.

"Yaya, ni ban sa shi ba. Shi ya zaɓa."

"Na sani," ya ce. "Yaro ba ruwansa."

Ya yi wa jaririn addu'a mai tsawo, ya sa masa albarka, ya miƙa mata shi. Aka kawo masa waina da naman suna, ya ce a ba yara. Kafin azahar ya koma Bungudu, inda wata motar hatsi ke jiransa da karyayyen sifirin.