Sunan da Nake Sharewa Kowace Safiya

Shekara goma sha bakwai ke nan da muka rufe Ishaya a maƙabartar Kiristoci ta Tsibiri. Ni Musulmi ne, ban san waƙoƙinsu ba, saboda haka a bayan mutane na tsaya ranar. Tun daga nan, duk shekara in lokacin ya zagayo, 'yarsa Rahila takan taso daga Yamai inda take aiki, mu tafi tare mu cire ciyawar kabarin. Bana ta kira ni, na ce mata ƙafa ke damuna. Ƙafata lafiya lau take. Abin da ya hana ni haɗa ido da ita shi ne na zo in faɗa a wannan shafi, tunda baki ya kasa.

Na san Ishaya a wani kamfanin sayen amfanin gona da ya yi zamani a nan Maraɗi, wanda yanzu ko allon sunansa babu. Ni ɗan Jiratawa ne, karatuna bai wuce firamare ba, aka ɗauke ni aikin kai takardu daga biro zuwa biro, wato ofis-ofis. Shi kuwa shi ke kula da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta kamfanin. Matasan yau ba za su gane ta ba. Tsayinta ya kai na mutum, faɗinta kamar firji biyu a jere, tana da ɗakinta ita kaɗai, da kilim mai hura sanyi dare da rana, don ba ta jure zafi. Wayoyi sun fita daga jikinta zuwa alluna da madannai a biro-biro. Kowa ya zauna gaban allonsa, ya buga sunansa da kalmar sirrinsa, ita ɗaya ta yi wa kowa aiki.

Na tambaye shi wata rana yadda abu ɗaya ke sauraron mutane da yawa a lokaci guda. Ya ce, "Kai da ka tashi a bakin kanal na noman rani kake tambayata? Yaya ake rabon ruwa a garinku?" Na ce ana buɗe wa wannan fili, a rufe, a buɗe wa na gaba. Ya ce, "To haka take yi. Tana buɗe wa kowa, ta rufe, ta wuce. Sauri ne kawai ya sa kowa ke jin kamar shi kaɗai ake ba ruwa." Daga ranar ya fara koya mani buga bayanai a lokacin hutun rana, har ya buɗe mani suna a cikin na'urar: lawali, da ƙananan baƙaƙe, a ƙarƙashin sunan Darakta. Ban taɓa ganin sunana a jere da na manya ba sai a wannan allo.

Daraktan, ba zan ambaci sunansa ba, 'ya'yansa ba su yi mani komai ba. Ya sha cewa a gyara na'urar ta riƙa fara yi mashi aiki kafin kowa. Ishaya yakan ce to, ranka ya daɗe, amma bai taɓa yi ba. Sai wata bazara kilim ɗin biron Darakta ya mutu. Ya sa aka ciro na ɗakin na'ura aka kai mashi, ya ce na kwana biyu ne. Ishaya ya roƙe shi, ya sake roƙo. Ya jiƙa buhunan algarara ya rataya a taga, ya aro fanka daga gidansa. Kwana biyun ba su ƙare ba har ranar da muka ji ƙara kamar ana goga ƙarfe a dutse, faifan da na'urar ke ajiye bayanai a kai ya lalace, aikin kaka guda ya tafi.

Darakta ya tara ma'aikata a tsakar gida. A gaban kowa ya ce Ishaya ya zo aiki a buge, shi ya kashe na'urar. Ya san maganar za ta kama, don mutane da yawa na ganin duk Kirista mashayi ne. Ishaya kuwa ko taba ba ya sha. Na ɗaga murya na ce ƙarya ne, aka ce in bi shi in na ga dama. Na bi shi. An sayar da na'urar ga maƙera, na ga ƙarfenta daga baya an yi murhun gawayi da shi. Ishaya ya koma Tsibiri yana gyaran rediyo a rumfa. Maganar giyar ta bi shi har can. Shi da yake karanta littafi a gaban jama'a a majami'arsu, da kansa ya koma bencin baya, bai sake tashi ba har ya bar duniya.

Abu ɗaya ya fito da shi daga wancan ɗaki: wani zagayayyen kaset mai faɗin faranti, wanda ya kwafe tsarin na'urar a kai tun kafin a cire kilim. Rahila ta tsince shi a akwatin mahaifiyarta. Ta karanci aikin ordinater, wato kwamfuta, ta san mutanen da ke sha'awar tsoffin na'urori a ƙasashen waje. Ta aika masu, suka karanto abin da ke ciki suka turo mata. Bara ta shigo shagona a Sabon Gari, inda nake sayar da caja da wayoyin salula, ta ɗora wata tsohuwar ordinater ta hannu a kan tebur. Ta ce, "Baba, akwai wata manhaja a nan da ke kwaikwayon waccan na'ura, har tsarin ya ɗauka a gidansa yake. Zauna ka gani." Ta danna. Allon ya yi baƙi, sai ga rubutun nan da na sani yana fitowa layi-layi, ya tsaya yana tambayar kwanan wata. Yatsuna suka tuna abin da kaina ya manta. Na buga lawali, ta buɗe mani.

Rahila ta bar mani ordinater ɗin. Ta nuna mani cewa tsarin bai san wata shekara bayan alif ɗari tara da casa'in da tara ba, dole kullum in ba shi shekarar da ta wuce. Ni kuwa shekara ɗaya nake ba shi, wadda ta gabaci waccan bazara. A cikinta Ishaya na nan da aikinsa da mutuncinsa.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga wannan. Na san zai yi dariyar nan tasa da ba ta da sauti, ya ɗaga ordinater ɗin da hannu ɗaya yana auna nauyinta. Zai nemi inda iska ke fita, ya ji ba wani zafin kirki. Nan ne ni dariya ke ƙare mani. Shagona kwano ne, a watan Afrilu ko ruwan randa ɗumi yake yi, amma na'urar Ishaya na aiki a ciki ba ko fanka. Abin da aka kashe mutum da ransa a kai, yau ba ya cikin lissafi.

Yanzu ga laifina. Ishaya ya taɓa ba ni kalmar sirrin mai kula da na'ura, don in ya yi rashin lafiya in iya tayar da ita. Da wannan kalma ana iya share sunan kowa. Tun makon farko, kowace safiya in na buɗe shago na sha kokona, sai in tayar da tsarin, in nemo sunan Darakta, in share shi. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Amma Rahila ta tsara ta yadda duk aka kashe aka kunna, komai na komawa yadda mahaifinta ya bar shi. Gobe sai in tarar da sunan ya dawo, a saman nawa. Na kira ta na ce ta nuna mani yadda wani suna zai tafi gaba ɗaya. Ta ce, "Baba, wannan ne kaɗai abin da ya rage da hannun babana ya jera. Ba a cire komai." Ba ta tambaye ni sunan wa nake nufi ba.

Da abin ya tsaya nan, da wasan tsoho ne da ba ya cutar da kowa. Amma bayan ƙaramar Salla wani mutum mai furfura kaɗan ya tsaya da mota a ƙofar shagona, ya yi sallama ya durƙusa. Ya ce shi ɗan Darakta ne. Mahaifinsa na kwance a gidansu na unguwar Zariya a nan Maraɗi, ɓarin jiki ya mutu, harshe ya yi nauyi, amma suna ɗaya yake ta maimaitawa. Yana so ya ga wani daga jinin Ishaya ya nemi gafara. Sun je Tsibiri, aka ce ni ke da lambar 'yarsa.

Na ce, "Yaya jikin nashi?"

Ya ce, "Sai addu'a, Baba. Zahi ne ba ya so ko kaɗan. Likita ya ce kar a kashe mashi kilim."

Na daɗe ina kallon bakinsa. Sannan na ce ban san inda yarinyar take ba, mun rabu da jimawa. Ordinater ɗinta na gabana a buɗe. Ya leƙa ya ce, "Mi ne ne wanga?" Na ce wasa ne na tsofaffi. Yana tsaye a kaina na share sunan ubansa, bai gane abin da ya gani ba, har ya yi mani godiya ya tafi. Ya dawo sau da dama. Amsata ba ta sake ba.

Na san hukuncin mai ƙarya, na san na mai tsayawa tsakanin bawa da tubarsa. Ina sallah, ina neman gafarar Allah a kan nawa zunuban, sannan in tashi in hana wani neman tasa. Na san haka, kuma har yanzu zuciyata ba ta yi sanyi ba. So nake ya kwanta yana kiran sunan ba mai amsawa, kamar yadda Ishaya ya zauna a bencin baya shekara da shekaru ba wanda ya zo ya wanke shi.

Kwanan baya na yi wani gwaji. Na buɗe allo biyu, na sa wa na'urar aiki iri ɗaya da sunana da sunan Darakta, don in ga ko tana da wanda ta fi so. Ta buɗe mani, ta rufe, ta buɗe mashi. Tare muka gama. Ishaya bai sa Darakta gaba ba lokacin da Daraktan ke da iko, bai kuma sa shi baya ba, ko da yake ya san irin mutumin. Rumfarsa ta rushe, rediyon da ya gyara duk sun mutu, amma wannan rabon nasa na nan yana aiki a kan teburina, kuma haushi yake ba ni. Na gane cewa ruwan da na tare a bakin filina ba nawa ba ne. Uban Rahila aka yi wa ƙazafi. Ita ke da yafewa, ita ke da ƙi.

Rahila, na san kina karanta wannan jarida. Darakta yana raye har ranar da nake rubutu. In ya cika kafin ki iso, a wuyana yake, ba a naki ba. In kin zo zan raka ki, ni zan ɗauki ordinater ɗin, a ɗora mashi a ƙirji ya ga inda babanki ya bar sunansa. Abin da za ki ce mashi naki ne, ba zan sa baki ba. Amma kada ki ce in yafe tare da ke, ban kai nan ba. Kuma kafin kowa ya buɗe baki a ɗakin nan, zan ce a kashe kilim.