Uku ko Biyu

A ofis Daidai ake ce masa, kuma sunan ya bi jiki. Mutum ne da ko alƙaluma zai ajiye a tebur sai ya jera su daga gajere zuwa dogo. Shekara tara yana zaune a gindin taga ɗaya, fanka na kaɗa masa ƙeya, yana rubuta manhajar da ke duba jarrabawar lissafi ta intanet. Ɗalibi ya shigar da amsa, ita ta ba da maki.

Yayarsa tana da 'ya wadda duk gidan ke kira Lauya, don ba a kayar da ita a musu. Ta zauna jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, a kan manhajar kawun nata. Maki biyu suka hana ta shiga. Ta same shi a falo, ido jawur.

"Kawu, wallahi amsoshina daidai ne. Ka duba mini."

"Kai, Lauya! Har da na'ura za ki yi shari'a? Na'ura ba ta ƙarya."

Kowa ya yi dariya, ban da ita.

Bayan wata bakwai, wata malamar lissafi mai naci ta aiko da ƙorafi karo na uku, dole ya buɗe aikinsa ya duba. Ashe manhajar ba ma'ana take bi ba, jeri take bi. In an ajiye mata "x = 2 ko x = 3", duk wanda ya rubuta "x = 3 ko x = 2" ya faɗi. Alhali kowa ya san "shayi ko ruwa" da "ruwa ko shayi" duk tayi ɗaya ne. Shi ya rubuta wannan layin na manhajar da hannunsa, don bai taɓa kawowa a ransa akwai mai farawa da babba kafin ƙarami ba.

Ya nemo amsoshin Lauya. Tambaya uku, a dukkansu da babba ta fara.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba, wannan kuwa shi ya fi ci masa rai. Ya rubuta wa makarantar, suka ce ɗaukar bana ta wuce, sai baɗi.

Kwana huɗu yana bi ta gaban shagon ɗinkin yayarsa, kunya na hana shi shiga. Rana ta biyar ya shiga. Lauya na kan keken ɗinki, tef ɗin awo rataye a wuya. Littattafanta tuni ta bayar. Ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa, yana jira ta taso masa da musu kamar da. Da ta yi, da ya ji sanyi.

Ta daɗe tana gyara zare a allura.

"Na'urar ba ta dame ni ba, Kawu," in ji ta a hankali. "Da ita kaɗai ta ce na faɗi, da har yau ina musu. Kai ka faɗa, shi ya sa na yarda."