Turaren Bakin Kwari

Yau da safe ƙamshin ganyen bishiyar turare ya cika min tsakar gida. Itacen nan ba ya irin wannan ƙamshi sai an ji masa ciwo. Na leƙa ta katanga, na ga masu injin yanka sun kayar da biyu, wai za a kai wurin gini a Zawaciki.

Marigayi Baffa, yayan mahaifina, su suka dasa su a bakin kwarin bayan gidanmu a Challawa, inda baƙin ruwan kamfanonin fata ya ƙone ƙasa. Sukan ce turare ba ya tsoron fari idan ya kama. Kowane dashe sai sun binne masa tsagaggen tulu a gindi, su riƙa cika shi da ruwan rijiya, yana tsatsafowa har damina.

Wata shekara, bayan an kwana ana ruwa, suka kira ni bakin kwarin. Gaɓa ta zube, saiwoyi sun fito fili, sun rirriƙe sauran ƙasar. Suka murza ganye a tafin hannu, suka shaƙa.

"Kin ga abin da ke riƙe da ɗakinki?" suka ce. "Ba siminti ba ne. Ran da aka sare su, ki kwashe yaranki."

Yanzu ga hadari yana haɗuwa a gabas, kuma ɗakina ne na ƙarshe kafin kwarin.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sanyaya makwancinsu. Mu kuma Ya riƙe mana ƙasar da muke kwana a kai, tunda mun kasa riƙe amanarsu.