Mitar Gidan Marigayi Alhaji Modu

Na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin wutar lantarki a Kano, na shiga gidajen da ban iya ƙirgawa, amma ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Talata da aka miƙo mini takardar yanke wutar wani gida a Fagge, na karanta, na ƙi ɗaukar tsani. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aikin, wannan zan ba ku.

Lokacin shekara biyu ke nan da sauya kuɗi zuwa naira, ba a kuma daɗe da yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan mai yawa ba. Arzikin man fetur ya shigo gari. Wanda a da ƙwan lantarki biyu ne a gidansa, sai ga shi da fanka da firiji da dutsen guga. Tsofaffin mitocin da aka kafa tun zamanin Turawa ba sa iya ɗaukar wannan nauyi, wasu har ƙonewa suke yi. Saboda haka ma'aikatarmu ta ba da umarni a sauya su duka a Fagge da Sabon Gari.

Ni a lokacin mai ɗaura mita ne mai daraja ta biyu. Shugaban ayarinmu Mista Okoro ne, ɗan ƙabilar Ibo haifaffen Sabon Gari, wanda Hausa ta zauna a bakinsa kamar ta kowa. Alaramma yake kirana, domin ya ga ina rubuta bayanan aikina da ajami a ɗan littafin aljihu. Sama da shi akwai Injiniya, saurayi ne da bai daɗe da gama karatu ba, mai son aiki ya tafi da sauri.

Ƙa'idar sauya mita tana rubuce a littafin aiki, ko da yake ba kowa ke buɗe shi ba. Dole a kai wa mai gida takardar sanarwa kwana bakwai kafin a zo. In ranar ba ta yi masa ba, yana da ikon zaɓar wata. Ba a tsinke dalmar da aka liƙe mitar da ita sai a gabansa ko a gaban wakilinsa, a karanta lambar da ta tsaya a kai, a rubuta, a ba shi tasa takardar. In an cika waɗannan duka ya hana shiga har sau uku, to sai a yanke wutar daga kan turke.

Takardar da aka ba mu ta ce wani ayari ya je gidan sau uku, an hana su. Da na duba sunan mai gidan sai na ga na san shi. Alhaji Modu ne, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, wanda na tsaya a sahun jana'izarsa bai fi wata biyu ba.

Na ce, "Oga Okoro, wannan mutumin ya riga mu gidan gaskiya."

Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Amma mitarsa na nan da ranta, Alaramma. Ɗauko tsani."

"Ba zan ɗauka ba sai na yi sallama na ji dalili."

Ya dube ni ya girgiza kai. "Yau kuma wa'azi za mu sha. To mu je, amma in Injiniya ya tashi cin mutum, da kai zai fara, ka fi ni nama."

Gidan yana wani lungu da ke bayan Bata. Na yi sallama a zaure. Wata tsohuwa ta leƙo, da ta ga kakin aiki a jikinmu sai ta ce, "Ku ne dai? An gaya muku ba shiga." Na gaya mata ba shiga muka zo yi ba, gaisuwar rasuwa muka zo yi wa uwargida, in za ta iya magana daga bayan ƙofa. Can sai muka ji motsi. Hajiya Yagana, matar marigayin, ta zo ta tsaya a bayan ƙyauren tsakar gida, domin tana cikin takaba. Muka yi addu'a, Mista Okoro ma ya cire hularsa ya ce amin.

Daga nan na tambaye ta ko takardar sanarwa ta iso gare ta.

Ta ce, "An turo wata takarda ta ƙarƙashin ƙofa, da rubutun boko. Aka ce mini sunan Alhaji ne a jiki. Na sa ta cikin akwatinsa na rufe. Duk abin da ke da sunansa ba mai taɓa shi sai ranar rabon gado."

"To mitar fa, Hajiya? Sabuwa za a sa muku, wadda ta fi wannan."

"Malam, kai da alama ka yi karatu. Mitar nan a gidan Alhaji take, a jikin bangon turakarsa. Ya bar marayu huɗu. Ta yaya zan bari a cire abu daga dukiyar marayu a tafi da shi, ba a raba ba? Ko allura ba za ta fita daga gidan nan ba. Ran gobe ni za a tambaya, ba ku ba."

Na ce mata mitar ta ma'aikata ce, ba ta mai gida ba.

Ta ce, "Haka na farko ya ce, haka na biyu ya ce. Mai son ɗaukar abu ai dole ya ce nasa ne."

Mista Okoro ya yi dariya ƙasa-ƙasa ya ce, "Wallahi Hajiya ta fi lauya."

Ban yi dariya ba, domin daga inda nake tsaye ina jin ƙugin firiji a cikin gidan. Na tambaya, tsohuwar ta ce da shi ake yin ƙanƙara da zoɓon da 'yan Kwari ke aikowa a saya, kuma tun rasuwar Alhaji, da yake an rufe shagonsa har sai an yi rabo, da wannan firijin ake ɗora tukunya. Hajiya ta san haka sarai. Ta ce, "In kun yanke, Allah na nan." Ta zaɓi yunwa a kan ta taɓa abin da take ganin na marayu ne.

Muka koma ofis ba mu yanke ba. Injiniya ya tashi tsaye tun kafin mu gama bayani.

"Wa ya ba ku ikon dawo da takardar da na sa wa hannu? Gidaje nawa ke jiranmu? An je sau uku, ta ƙi!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a je ko sau ɗaya ba."

Ya ce in sake faɗa. Na ɗauko littafin aiki daga kan kanta, na buɗe shafin, na ajiye a gabansa. Na ce littafi ya ce a sanar da mai gida. Wanda muka sanar yana kabari. Wadda ke zaune a gidan ba a rubuta mata komai ba, ba a gaya mata tana da ikon zaɓar rana ko naɗa wakili ba, mace ce mai takaba aka tura mata maza uku da sukundireba. Kwana bakwai ɗin ma ba su fara ƙirguwa ba.

Ya ce, "Ka san zan iya rubuta maka takardar tuhuma a kan wannan?"

Na ce na sani. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro, ina da mata da 'ya'ya uku a lokacin. Sai Mista Okoro ya ce, "Oga, in za ka rubuta, rubuta biyu. Ni na tuƙo motar muka dawo." Injiniya ya daɗe yana kallon shafin nan. Daga ƙarshe ya ce ya ba mu zuwa ranar Asabar, in mitar ba ta fita ba, da kansa zai hau turken.

Saura yadda za a gamsar da Hajiya. Mista Okoro ne ya ce mu duba fayil ɗin gidan, domin duk wanda aka ja wa wuta yana sa hannu a takardar yarjejeniya, kuma a cikinta an faɗi mai mitar. Muka sa aka nemo shi a ɗakin ajiya. Takardar da Turanci take, na san ba za ta yi mata amfani ba. Amma da na juya bayanta, sai na ce Allahu Akbar. Alhaji Modu ɗan kasuwa ne mai tsantseni, ba ya sa hannu a abin da bai fahimta ba. Ashe ranar da aka fassara masa takardar, ya rubuta abin da ya ji da ajami a bayanta, layi uku da tawadar alƙalami. Na ƙarshen ya ce: mitar ta masu wuta ce, amana ce a hannuna.

Ba a fitar da fayil daga ofis, sai da Mista Okoro ya sa hannu cewa yana wuyansa. Ranar Alhamis da hantsi muka koma, tare da limamin unguwar don ya zama shaida. Ni kuma na rubuta sabuwar sanarwa da sunan Hajiya Yagana, da ajami, na jera mata haƙƙoƙinta duka. Tsohuwar ta karɓi takardun biyu ta shiga da su. Hajiya 'yar gidan malamai ce daga Barno, ba ta bukatar a karanta mata.

Muka tsaya a zaure muna jira. Sai muka ji kuka a hankali daga bayan ƙyauren. Liman ya sunkuyar da kai. Da ta samu magana sai ta ce, "Hannunsa ne. Haka yake jan wasalinsa." Sannan ta ce, "Ashe amana na riƙe masa a ka wata biyu. Malam, ku zo ku karɓi kayanku, kada ya kwana da nauyin mutane."

Na ce mata ba yau ba, sai ranar da ta zaɓa, haka takardarta ta ce. Ta zaɓi Asabar bayan azahar, ta naɗa liman wakilinta. Ta kuma tambaya ko dole ne sabuwar ta koma jikin turaka. Na duba littafi, babu inda ya ce dole. Ta ce to a kafa ta a zaure, don kada wani namiji ya sake neman shiga gidan saboda karatun mita.

Ranar Asabar mata suka shige ɗaki ɗaya, liman ya shiga da mu. Na tsinke dalmar a gabansa, na karanta lambar da ƙarfi yadda Hajiya za ta ji, na rubuta da boko na rubuta da ajami. Muka ja waya zuwa zaure. Wutar ba ta fi minti arba'in a ɗauke ba, ƙanƙarar ma ba ta narke ba. Da za mu tafi aka fito mana da zoɓo a kwano. Mista Okoro ya shanye nasa ya ce, "Alaramma, da mun yanke wutar nan, da wannan muka yi asara."

Injiniya bai ce mini na kyauta ba, ba halinsa ba ne. Amma ranar Litinin ya aiko a kira ni, ya tura mini tulin takardun sanarwa na Fagge, ya ce in rubuta bayanin da ajami a bayan kowace, in kuma tambayi masu unguwa ko sunayen da ke jiki suna raye.

Abin da na koya shi ne, kalmar nan "ya ƙi" da muke rubutawa a takarda cikin daƙiƙa ɗaya, sau da yawa ba ƙi ba ne. Mutum ne ke tsare wani abu da yake tsoron Allah a kansa, mu kuma ba mu tambaya ba. Haƙƙin mai gida da ke cikin littafi ba ya aiki sai ya isa hannunsa da rubutun da yake iya karantawa. Mitar nan ta zaure ta daɗe a wurin. Babban ɗan Alhaji Modu ne ya riƙa buɗe mini ƙofa daga baya, bayan ya gaji shagon mahaifinsa, kuma bai taɓa barina na karanta lambar ni kaɗai ba. Yakan ce mahaifiyarsa ta ce haƙƙinsu ne su tsaya a gani.