Kan Sandar Hannun Hagu

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Sunayen maƙwabta sun tafi, fuskokin ƙawayena sun tafi, wani lokaci ko abin da na ci jiya sai an tuna mini. Amma akwai abu guda da ba zan manta ba har a rufe ni, shi ne damunar da ɗana ya dawo daga yaƙi. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. In an ga maganar ta yanke a wani wuri, hawaye ne suka yanke ta.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, masassaƙi ne a unguwarmu ta Yerimaram, nan Potiskum. Yana yin turmi, yana yin taɓarya, amma abin da aka san shi da shi kan sanda ne. Tsofaffi daga ƙauyukan Ngizim da na Karekare, da dattawan kasuwar shanu, duk wurinsa suke zuwa. Yana da wata hanya tasa. Ba ya sa gizago a itace sai ya kwaɓa laka ya ba mutum ya damƙa da hannun da zai riƙa dogarawa. Ya shanya lakar, sannan ya sassaƙa kan sandar da icen ƙirya yana duban ta, gurbin kowane yatsa a wurinsa, a gaba kuma ya fitar da kan zabuwa ko ƙahon rago. Yakan ce hannun wani ba ya zama na wani, ko da ciki ɗaya suka fito.

Ɗanmu na fari shi kaɗai ne namijin da ya rayu mana. Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne, ko yana raye ban taɓa kira ba. Ya tashi a gaban ubansa, hannunsa ya faɗa a aikin, har mutane sun fara cewa zai fi uban. Da yaƙin basasa ya tashi ana ɗibar samari soja, sai ya ce zai tafi. Uban ya ce, “In ka ajiye gizagon nan ka ɗauki bindiga, kada ƙafarka ta sake taka zauren nan.” Ya tafi. Ina tsaye a bayan zana ina jin takunsa yana nisa, kunyar ɗan fari ba ta bar ni na ce masa ko Allah ya kiyaye ba.

Shekaru suka wuce ba labari. Bayan an gama yaƙin, wani direban babbar mota mai bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce ya ga yaronmu a wani asibiti, yana nan da ransa, sai dai ɗingishi yake yi, kuma yana shirin tahowa gida. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ko bai lura da sauran ba, ko tausayinmu ya ji, Allah ne masani.

Washegari na ga maigida ya taka turmi ya zaro wani ƙulli daga rufin zaure. Busasshiyar laka ce. Ashe tun yaron yana koyo ya taɓa damƙa ta da wasa, uban kuma ya adana ta duk da fushin nan. Ya ɗauko wani guntun ƙirya da ya daɗe yana hana kowa, ya zauna a kansa. Na ce, “Malam, wa ake yi wa wannan?” Ya ce, “Wani gurgu ne.” Na koma ciki na yi kukan daɗi, don na san halinsa. Bakinsa ba zai iya cewa na yafe ba, hannunsa ne zai faɗa. Ya goge sandar, ya shafe ta da man kaɗe har tana ɗaukar ido. Ban taɓa ganin ya yi irinta ba.

Da farkon damuna yaron ya iso, da hantsi. Ya rame, yana jan ƙafa, yana cikin wata babbar riga da ta yi masa yawa. Ya tsaya a bakin zaure bai shigo ba. Maƙwabta suka taru, ni ina leƙe daga ciki. Uban ya fito da sandar, ya miƙa masa ita ta ɓangaren dama, idonsa a ƙasa. Yaron ya daɗe yana duban ta, sannan ya yaye hannun rigar. Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa babu komai.

Ya karɓa da hagu. Kan sandar ya ƙi zama, gurbin babban yatsa yana wancan gefen. Ya gwada dogarawa, ta zame, saura kaɗan ya kifa a gaban jama’a. Ya yi wata dariya da har yau nake jin ta a kunnena, ya ce, “Baba, aiki ya yi kyau. Sai dai mai ita na baro shi a can.” Ya jingine ta a bango.

A ɗakin waje ya sauka, don ya ce ba a janye maganar da aka yi masa ba. Shi yana ganin an tozarta shi a bainar mutane, uban kuwa kunya ta hana shi ɗaga ido ya dube shi. Itace yana nan, gizago yana nan, abin da ya rage kawai yaron ya damƙi laka da hagu. Na kwaɓa da kaina na kai masa tare da tuwo. Ya ce, “Iya, shi ya aiko ki?” Na ce a’a. Ya ce, “To ya san inda hannun yake. Guda ɗaya ne, ba zai ɓace masa ba.” Na koma wurin uban, ya ce, “Yaushe aka fara uba ya je roƙon ɗa?” Haka na yi ta kwaɓa laka tana bushewa a tsakaninsu, ruwa yana sauka, gero yana tashi.

Ashe ciwon ƙafar bai warke ba, ɓoye shi yake yi. Kafin gero ya fid da kai ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi. An kai shi asibiti, aka dawo da shi, aka ce sai addu’a. Wata safiya ina zaune a kansa ina kore masa ƙuda, sai ga maigida da laka a ƙwarya. Ya durƙusa, mutumin da ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba sai Allah. Ya ce, “Kawo hannun.” Yaron ya kasa damƙewa. Sai uban ya ɗora nasa hannun a kan na ɗansa, ya matse masa. Yaron ya buɗe ido ya ce, “Baba, kada ka sa mini zabuwa, ta tsofaffi ce.” Uban ya ce, “Rago zan sa maka, ja’iri.” Kafin la’asar ya cika.

Bayan masu gaisuwa sun janye, maigida ya zauna ya sassaƙa kan hagun, da ƙahon ragon da ya yi alkawari. Shi ne aikinsa na ƙarshe, ya rataye gizago ya koma noma. Da ita ya riƙa dogarawa, da hannun hagu, har ya rasu a shekarun da aka yi babban fari. Abokansa a ƙofar masallaci sukan tsokane shi, “Malam, kai da kake yi wa kowa daidai hannunsa, taka ce bauɗaɗɗiya?” Sai ya ce ba tasa ba ce, ajiya aka ba shi.

Yanzu tana wurina. Yatsuna ba su cika guraben ba, amma da ita nake fita shan hantsi, kuma duk sa’ad da na damƙa sai in ji kamar hannuwa biyu nake riƙe da su. Abin da na koya shi ne, laka in ta bushe ana sake kwaɓa ta, rai kuwa ba a sakewa. In kana da magana mai sanyi da za ka faɗa wa naka, ka taka ka je ka faɗa masa da bakinka, tun yana da ƙarfin damƙe hannunka da kansa.