Ɗanyen da ke ƙarƙashin ɓawo

Har yau idan na taka busasshen ganye na ji ya yi ƙaras, safiyar nan ce take faɗo mini a rai. Watan Afrilu ne, shekarata ta farko a gandun renon itatuwa da ke bayan garin Kazaure, ina ƙaramar jami'a. Ku sababbin ma'aikata kun san aikin: a cika leda da ƙasa da taki, a shuka iri, a yi ta ban ruwa duk rani, idan damina ta sauka a raba wa ƙauyuka dashe. A waccan shekara an yi wa mutanen Gwiwa da Roni alkawarin darbejiya da mangwaro mai aure, har sun haƙa ramuka suna jira.

Shugabarmu Madam Rifkatu ta tafi kwas, ta bar mini gandun. Bayan tafiyarta injin rijiyar burtsatse ya ƙone. Ni da Malam Sale, babban lebura, da mutanensa muka yi ta jido da jarka, amma zafin bazara ya fi ƙarfin jarka. Ina kallo ganye ya langaɓe, ya yi ja, ya zube.

Abin da ya fi rana ƙona ni yana cikin kaina. Ni na yi jinyar mahaifiyata har ta rasu, kuma tun lokacin akwai wata murya da ke zuwa mini a hankali, kamar mai ba da shawara: "Hannatu, duk abin da aka sa a hannunki mutuwa yake yi." Addu'a ma ta gagare ni. Ranar da Madam za ta dawo, da jakata na zo aiki. Niyyata in gaishe ta, in ce na bar aikin, in wuce tasha.

Na same ta tsugune a tsakiyar layukan leda, ta riga kowa zuwa. Ta dubi jakar, ta dube ni.

"Ina zuwa haka, 'yata?"

"Gida, Mama. Kin ba ni amana na kashe. Hannuna ba shi da albarka."

"Wa ya gaya miki?"

Na gyara riƙon jakata, na juya wajen ƙofa.

"Na ce wa ya gaya miki? Yesun da ya ba da ransa dominki, shi ne ya kira ki mai kisa? Ba muryarsa ba ce wannan. Ajiye jakar nan ki ba ni hannun da ba shi da albarkar."

Ta kama babban yatsana, ta ɗora farcena a jikin wani siririn mangwaro da ya zama kamar tsinke, ta ce in kankare ɓawon kaɗan. Na kankare. Ga kore a ƙarƙashi, ɗanye shar, har da ɗan danshi.

"Ganye shi ne mai saurin ba da labarin mutuwa," in ji ta, "amma ba a yanke wa itace hukunci sai an duba jikinsa. Haka za ki riƙa yi wa tunanin nan. Idan ya zo, kada ki ba shi tabarma. Ki kai shi gaban Ubangiji ki kankare shi tukuna."

Sai ta tsara mana aikin. Kowa ya ɗauki layi. Wanda aka samu da kore, a datse busasshen kansa, a kai shi ƙarƙashin rumfa, a ba shi ruwa kaɗan safe da yamma, don yawan ruwa bayan ƙishi ruɓar da saiwa yake yi. Wanda ya mutu a zazzage ledarsa. Ni kuma ta ƙara mini doka: mai rai in ce "Na gode, Yesu," matacce in ce "Na bar maka, Ubangiji," in wuce, ban da tsayawa kuka a kansa.

Malam Sale na jin haka ya yi dariya. "Madam, ku kuna na gode, mu muna alhamdu lillahi. Itacen nan ta ina zai bi ya mutu?"

"Kai dai kankare, Sale, ban da surutu."

Da farko bakina kawai ke faɗa. Can wajen azahar na lura muryar nan ta rasa wurin sa baki, domin kowane tsiro yana da amsarsa, mai rai da matacce. Mun yi asara, ba zan ɓoye ba, darbejiya ƙanana sun tafi da yawa. Amma fiye da rabi sun tofo bayan an gyara injin, kuma motar Gwiwa da ta Roni ba su koma wayam ba. Jakata kuwa Malam Sale ne ya mayar mini gida a babur, yana cewa ya kama ɓarauniyar da ta so sace musu ma'aikaciya.

Aikin nan ya koya mini cewa mai reno ba ya gaskata abin da ido ya fara gani, a leda ne ko a zuciya. Na ɗauka Madam ta san haka ne don ita ba ta taɓa jin irin muryar ba.

Sai a walimar ritayarta, bayan shekaru, na gode mata a gaban jama'a. Da aka watse ta ja ni gefe.

"Kin san kafin ki iso ran nan, duk wanda na kankare matacce ne? Tawa muryar tana ce mini na tsufa, gandun ya ƙare a hannuna. Wanda na sa miki farce a kai ban duba shi ba. Addu'a nake yi a raina lokacin da kike kankarewa."